KUNNE DA ABIN SAURARO: ME KE SA SAUTI YA YI DAƊI?

  

Hirarmu ta yau a kan wani ƙaramin abu ne da ya cika kasuwanninmu. Shi ne abin sauraro da ake sawa a kunne, wanda yara ke ce ma ekuter. Akwai ƙarami mai shiga cikin kunne. Akwai babba mai rufe kunne duka, shi ake ce ma kas. Za mu duba yadda aka yi shi, da abin da ke ba shi ƙarfi, da dalilin da ya sa wani ke da daɗin ji wani ba shi da shi. Wanda ya gane wannan, ba za a cuce shi a kasuwa ba, kuma ba zai cuci kunnensa ba.

1. DAGA RUMFA ZUWA KUNNE

Gidan rediyon ƙasarmu ya fara aiki a shekarar 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo. A lokacin, rediyo ɗaya ya ishi gari. Mutane su taru a rumfa ko a filin lakwal, su saurara tare, su yi muhawara, a ɗauki maganarsu a kai Yamai. Daga baya kaset ya zo. Daga 1999 aka fara buɗe rediyon karkara. Yau ga salula a aljihun manomi, a ciki akwai rediyo, akwai waƙa, akwai karatu.

A da sauti yana tasowa daga nesa, iska ta rage mashi ƙarfi kafin ya iso. Yau an kawo shi bakin kunne. Wannan shi ya sa ya kamata mu san shi sosai.

2. MENE NE SAUTI?

Ɗan'uwa, ɗora hannunka a fatar ganga lokacin da ake kiɗa. Za ka ji tana kaɗawa. Fatar na tura iska, iska na tura ta gabanta, har abin ya iso kunnenka. Wannan kaɗawar iska ita ce sauti.

In abu yana kaɗawa a hankali, sautinsa kauri ne, kamar na babbar ganga ko kukan sa. In yana kaɗawa da sauri, sautinsa siriri ne, kamar na sarewa ko kukan gyare. Masana suna ƙidaya sau nawa abu ke kaɗawa cikin sakan ɗaya. Kunnen yaro mai lafiya yana jin tun daga sau 20 har zuwa sau 20.000. In mutum ya manyanta, siraran sautuka su ne ke fara ɓace mashi.

Dubi kiɗan goge da ƙwarya. Tsirkiyar goge tana da siririn sauti mai tsawo. Ƙwarya tana da bugu mai kaifi. Muryar mawaƙi tana tsakiya. Abin sauraro mai kyau shi ne wanda zai kawo maka su duka, kowane a matsayinsa, babu wanda ya danne wani.

3. MATAKAI HUƊU

Kafin waƙa ta shiga zuciyarka, sai ta bi matakai huɗu. Rubuta su a allonka:

Na 1, abin da aka ɗauka: waƙar ko maganar kanta.
Na 2, ampili: mai ƙara ƙarfi.
Na 3, abin sauraro: mai mayar da lantarki sauti.
Na 4, kunne.

In ɗaya ya lalace, sauran ba su iya gyara shi. Igiyar guga, inda ta fi rauni nan take tsinkewa.

4. ABIN DA AKA ƊAUKA

In an ɗebo ruwa mai laka, ko a sabuwar ƙwarya aka zuba shi, mai laka ne. Haka sauti yake. Waƙar da aka ɗauka da salula a tsakiyar taron biki, da iska da hayaniya, ba abin sauraron da zai wanke ta.

Hanyar da sauti ya biyo ma tana rage shi. Tarho irin na da yana ɗaukar sauti daga 300 zuwa 3.400 kawai. Shi ya sa muryar ɗan'uwanka ke canzawa a waya. Rediyo mai gajeren zango yana kaiwa wajen 5.000. Tashar FM tana kaiwa 15.000. Shi ya sa goge ya fi fita a FM. Masu shekaru sun tuna kaset: in an kwafa daga kwafi, an sake kwafa, sai shuuu ta yi yawa, murya ta dushe. Waƙar cikin salula ma, in an matse ta ƙwarai don ta yi sauƙin aikawa, tana rasa wani abu nata.

5. CIKIN ABIN SAURARO

In mai gyaran rediyo ya buɗe maka ekuter, abu uku za ka gani. Akwai mayen ƙarfe, wanda ke jan allura. Akwai siririn zaren jan ƙarfe da aka naɗe kamar zobe. Akwai ƴar fata ta roba, marar nauyi, manne da zoben.

In lantarki ya bi ta zoben, mayen ƙarfe ya ja shi, ya tura shi, ya ja shi, ya tura shi. Fatar ta kaɗa, iska ta kaɗa, ka ji sauti. Wato ƴar ƙaramar ganga ce, lantarki ne makaɗinta.

Kowane makaɗi ya san fata ba ɗaya ba ce. Mai kauri tana da nauyin tashi. Mai laushi da yawa tana ci gaba da rawa bayan an daina bugu. Maƙeran abin sauraro mai kyau suna neman fata marar nauyi, mai ƙarfi, wadda za ta tashi nan take, ta tsaya nan take. Ita ce ke sa ka rarrabe kalma da kalma. A babban kas faɗin fatar yakan kai milimita 40 ko 50. A ƙaramin ekuter wajen milimita 10 ne.

Abin ya daɗe ana gyara shi. A 1910 wani mutumin Amurka, Nathaniel Baldwin, ya ƙera shi da hannu a ɗakin girkinsa, sojan ruwan ƙasar suka sa ya yi masu guda 100. A 1937 kamfanin Beyer na Jamus ya fito da irin mai zoben nan. A 1958 John Koss na Amurka ya yi wanda kowane kunne ke samun nasa sauti daban. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƙaramar na'urar kaset ta aljihu. Tun daga nan mutane suka fara yawo da kiɗa a kunne.

6. RUFAFFE DA BUƊAƊƊE

Yi magana cikin rumbun da ba hatsi. Muryarka za ta yi kauri, ta dawo maka. Fita fili ka sake faɗin maganar. Za ta fita sarai, amma iska za ta kwashe ta. Abin sauraro ma iri biyu ne kamar haka.

Rufaffe, bayansa a toshe yake. Yana tare hayaniyar waje, yana riƙe sautin ganga. Ya dace da tasha da kasuwa da cikin mota. Amma in ba a ƙera shi da kyau ba, sauti na kai da komowa a ciki, ya yi gum kamar cikin tulu.

Buɗaɗɗe, bayansa da ƙananan huji. Kamfanin Sennheiser na Jamus ya fara fito da shi a 1968. Sautinsa sakakke ne, kamar kana zaune gaban makaɗa a fili. Amma na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin kukan jaki da injin niƙa. Na ɗaki ne mai shiru.

Ƙaramin ekuter mai bakin roba kuwa, sirrinsa shi ne ya zauna daidai a kunne. In akwai ƴar kafa, sauti mai kauri ta nan yake zurarewa, ya bar ka da ƙara siririya. Sau da yawa mutum ya ce ekuter ɗinsa ba shi da kyau, alhali robar ce ba daidai kunnensa ba. Canza roba kafin ka canza ekuter.

Yanzu ga ɗan karatu. Duba jikin abin sauraronka, za ka ga baƙi biyu: L da R. L na kunnen hagu ne. R na kunnen dama ne. Allah ya ba mu kunne biyu don mu san inda sauti ya fito. Da haka makiyayi ke gane wajen da akuyarsa ke kuka. Masu ɗaukar waƙar zamani sukan sa wani kiɗa hagu, wani dama. In ka ba abokinka kunne ɗaya, kowanenku rabin kiɗa yake ji.

7. AMPILI, SANƘIRAN SAUTI

Kun san sanƙira a fadar sarki. Sarki ya yi magana a hankali, sanƙira ya ɗaga ta da ƙarfin ƙirjinsa, jama'a duka su ji. Aikin ampili ke nan. Lantarkin da ke ɗauke da waƙa ƙanƙani ne, ba ya iya kaɗa fata. Ampili yana ɗibar ƙarfi daga pil ko batir, ya maimaita shi da girma. Kowane rediyo yana da shi a ciki. Kowace salula tana da ɗan ƙarami. Wanda ake haɗawa da lasifika ranar biki babbansu ne.

Sanƙira na ƙwarai ba ya ƙara magana, ba ya rage ta. Ampili na ƙwarai ma haka: abin da aka ba shi, shi zai bayar, sai dai da ƙarfi.

Amma in sanƙira yana jin yunwa, aka ce ya yi ihu, muryarsa za ta fashe. Kun taɓa lura, in pil ya kusa ƙarewa, rediyo na fara kakari tun ba a ƙure shi ba? Ko a wurin biki, in an murɗa ampili har ƙarshe, muryar mawaƙi ta koma kamar ana yaga tsumma? An nemi ƙarfin da babu ne. Wannan fashewar tana gajiyar da kunne, tana kuma iya ƙona lasifika. In ka ji ta, rage. Ƙarawa ba ta gyara ta.

Wane abin sauraro ke bukatar ampili na musamman? Mu ɗauki misalin rijiya. A cikin Dallol Mawri ruwa yana kusa, yaro ma yana jan guga. A kan tudu rijiya na da zurfi, sai an sa sa ko raƙumi. A jikin kwalin abin sauraro akwai lamba da wata alama kamar kofaton doki: Ω. Sunanta om. In ka ga 16 ko 32, yawanci rijiya ce ta kusa, salula ta ishe ta. In ka ga 250 ko 300 ko 600, rijiya ce mai zurfi. Irin waɗannan na ma'aikatan gidan rediyo ne da masu ɗaukar waƙa. In ka sa su a ƙaramar salula, sauti zai fito da rauni, ganga ta rasa nauyinta. Su ne ke son ampili mai ƙarfi.

Amma a lura: in rijiya ta kusa ce, kawo raƙumi ba ya sa ruwan ya ƙara daɗi. In ƙarfin ya isa, kuma ba fashewa, sayen babban ampili ba zai canza maka abu mai yawa ba. Abin sauraron kansa, da yadda ya zauna a kunne, su suka fi canza sauti.

8. MAI TSADA SHI NE MAI KYAU?

A ƙasashen waje akwai masu kashe dukiya kan wannan abu. Akwai wani iri da ba shi da mayen ƙarfe. Fatarsa ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, tana rataye tsakanin faranti biyu masu huji, lantarki mai ƙarfi na jan ta gaba da baya. Kamfanin Stax na Japan ya fara sayar da shi a 1960. Irin wannan ba ya aiki sai da nasa ampili. A 2015 Sennheiser ya yi wani mai suna HE 1, ampilinsa a cikin dutsen marmara, kuɗinsa a lokacin wajen yuro 50.000. Wato ya haura miliyan 32 na sefa. Abin sauraro guda!

To, kuɗi ne ke sayen daɗin sauti? A 2017 wani masani, Jeroen Breebaart, ya duba awon abin sauraro 283, masu araha da masu tsada. Ya duba yadda kowane ke raba ƙarfi tsakanin sauti mai kauri da na tsakiya da siriri. Bai samu cewa tsada na tafiya tare da kyan wannan rabo ba. Mai tsada yakan fi ƙarko, ya fi daɗin sawa. Amma akwai mai matsakaicin kuɗi da ya fi shi daidaita sauti.

Ido ma yana ruɗin kunne. A 1994 wasu masana biyu, Floyd Toole da Sean Olive, suka sa mutane su saurari lasifika iri-iri. Da suna ganin su, suka fi yabon manya masu ƙyalli. Da aka sa labule, hukuncinsu ya canza. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A nan kam, bari ji ya kori gani.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta kunne da aka auna tun 1933. In sauti yana ƙasa-ƙasa, kunne ba ya jin mai kauri sosai. In an ƙara ƙarfi, sai ganga ta fito, mutum ya ce: wannan ya fi daɗi! Saboda haka in mai kanti ya gwada maka guda biyu, ɗaya ya fi ƙara, kusan kullum shi za ka zaɓa, ko da ba shi ne mai kyau ba.

Ga yadda za ka gwada a kasuwa:

– Je da salularka, da waƙar da ka sani sarai, da muryar mutumin da ka sani.
– Daidaita ƙarfin su biyun kafin ka yanke hukunci.
– Saurara a hankali. Mai kyau yana fitar da kalmomi ko ba a ƙure shi ba.
– Duba ko ganga ta danne murya. Duba ko harafin s yana sukar kunne.
– Gwada hagu, gwada dama. Motsa wayar ka ji ko tana yankewa.
– Kada suna ko kwali ya ruɗe ka. Jabu ya yi yawa.

In ka saya, ajiye shi cikin tsumma ko ƴar jaka, musamman lokacin hunturu. Ƙura da dattin kunne na toshe ragar bakinsa, sauti ya dushe. Goge shi da busasshen ƙyalle.

9. KUNNE BA SHI DA KASUWA

Mun zo mataki na 4, wanda ya fi duka daraja. Sauti na bugun dodon kunne. Daga nan ƙananan ƙasusuwa 3 su miƙa shi can ciki, wurin wani abu mai kamar katantanwa. A cikinta akwai ƴan ƙananan gashi wajen 15.000. Su ke gaya ma ƙwaƙwalwa abin da aka ji.

Ƙara mai yawa tana kwantar da su, kamar yadda iska ke kwantar da gero. In sau ɗaya ne, suna iya tashi. In kullum ne, sai su mutu. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu saiwa da ke dawo da shi. Kuma abin ba ya zafi, shi ya sa mutum ba ya lura sai ya yi nisa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babba yana iya jin desibel 80 har awa 40 a mako. In ya kai 90, awa 4 kawai a mako. Ekuter da aka ƙure yana iya wuce 100. Ƙungiyar ta ce matasa fiye da miliyan 1.000 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Ta kuma ware ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara don tunawa da lafiyar kunne.

Ga abin da za mu kiyaye:

– Kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin salula. In matakanta 10 ne, tsaya a 6.
– In na kusa da kai yana magana ba ka ji sai ya yi ihu, ya yi yawa.
– Kada ka ƙara sauti don ka danne ƙarar injin niƙa ko ta babur. Ƙara biyu ce ke haɗuwa a kunne ɗaya.
– Ba kunne hutu. Kada ka kwana da ekuter yana kiɗa.
– Ɗan kabu-kabu da mai amalanke da mai tafiya a bakin kwalta, ku cire shi. Hanyar Yamai zuwa Ƙonni ta ratsa ƙasarmu, manyan motoci ba su tsayawa nan take. Wanda bai ji oda ba yana cikin haɗari.
– Iyaye mata, kada a sa ma jariri. Ranar biki, a nisanta yara daga bakin lasifika.
– Kada ka yi aron ekuter na mai ciwon kunne. Kada ka sosa kunne da ashana ko tsinke.
– In kunnenka yana ƙugi ba ya dainawa, ko yana ruwa, ko kana yawan cewa "me ka ce?", tafi gidan likita.

Rediyo in ya lalace, akwai mai gyara. Ekuter in ya tsinke, akwai wani a kasuwa. Kunne kuwa, biyun nan da aka haife ka da su, su ke nan. Kakanni sun ce kunne ya girmi kaka. Da shi muka ji tarihin Arewa tun ba mu iya rubutu ba. Da shi kuma kuke jin wannan darasi.

AIKIN WANNAN MAKO

Rubutu. Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau 3: kunne, sauti, ƙara, ganga, ampili, hagu, dama.

Lissafi. Mako kwana 7 ne. Awa ɗaya minti 60 ce. Awa 4 minti nawa ke nan? In an raba su kwana 7, minti nawa ya kama a rana? Wanda ya samu wajen 34, ya yi daidai.

Muhawara. Ku zauna da malaminku ku tattauna: a garinku, ina ne ƙara ta fi yawa? Su wa suka fi daɗewa a wurin? Me za a yi don a kare kunnensu?

Wanda ya ji, ya gaya ma wanda bai ji ba. Wanda ya iya karatu, ya karanta ma maƙwabcinsa wannan takarda. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.